Marsandi 190 ta gado: ko tana da darajar da ake gani a gwanjon Turai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Mercedes 190, tana ajiye a gida tun tuni, mun lulluɓe ta da tampol. Ƙanena ya nuna mini a wayarsa cewa a Turai ana gwanjon 190 a kan kuɗin da ya wuce miliyan 100 na sefa, wai don an daina ƙera ta. Ga wani dillali nan ya taya tamu, magada sun rabu biyu. Mu sayar ko mu jira? (Daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maradi)

AMSA: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta.

Ƙanenka bai yi ƙarya ba, sai dai kama da wane ba ta wane. Kamfanin Mercedes ya ƙera 190 daga 1982 zuwa 1993, kuma abin da ya fitar ya kusa miliyan 1.9. Motar da aka yi da wannan yawa, daina ƙera ta ba ya sa ta tsada. Kowace mota wata rana za a daina yin ta. Waɗanda ake rububi a kansu 'yan tsiraru ne da aka yi saboda tsere.

Ga yadda abin ya samo asali. Dokar tseren motoci ta wancan zamani ta ce kamfani ba zai shigar da mota gasa ba sai ya ƙera wani adadi nata ya sayar wa jama'a. Shi ya sa Mercedes ta fito da 190 E 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya yi aikin kan injinta. A 1984, ranar buɗe sabon filin tsere na Nürburgring a Jamus, an ba manyan direbobin duniya irin wannan mota iri ɗaya, wani matashi ɗan Brazil mai suna Ayrton Senna ya cinye su duka. Daga baya aka yi 2.5-16, sannan Evolution a 1989, sai Evolution II a 1990 mai ƙaton fiffike a bayanta, wadda guda 502 kacal aka yi. Da ita Klaus Ludwig ya ci gasar Jamus ta DTM a 1992. Ita ce kan wuce yuro 200,000 a gwanjo, wato sama da miliyan 130 na sefa, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ina kyautata zaton ita ƙanenka ya gani.

To, ka yaye tampol ɗin ka duba lambar shasi, tana jikin takardun motar, tana kuma buge a jikin ƙarfenta. Za ka ga ta fara da WDB201. Lambobi ukun da ke biye su ne za su raba gardamar gidanku. Idan 034 ne, 2.3-16 ce. Idan 035 ne, 2.5-16 ce. Idan ka ga 036, to ka zauna ka sha ruwa tukuna, Evolution ce. In kuwa 024 ne ko 122, 190 ce ta kowa da kowa, ta fetur ko ta gas, irin waɗanda suka yi ta shigowa ta Kwatano. Akwai wata alamar a ciki: masu 16 ɗin nan, in masu giyar hannu ne, giya ta ɗaya tana hagu ta ƙasa, ba ta sama ba yadda aka saba, kuma kujerar baya ta mutum biyu ce, kowa da mazauninsa. Kada rubutun da ke manne a bayan but ya ruɗe ka, wannan kowa na iya saye ya liƙa.

Mu ɗauka Allah ya sa ta cikin masu tsadar ce. A nan ne motocinmu suka fi faɗuwa. Mai tara motoci ba abin hawa yake nema ba, yana son motar yadda ta fito daga kamfani: injinta na asali mai lambar da ta dace da takardar kamfani, fentinta na asali, kujerunta, ƙafafunta, da tarihin wanda ya riƙe ta da inda aka yi mata gyara. Mu kuwa a nan, inji na fara shan mai sai bakanike ya ce a sauke a ɗora wani na Beljiyam, in ma bai zauna daidai ba a yanka a yi walda. Ba laifinsa ba ne, aikinsa mota ta tashi ta kai mai ita Katsina ta dawo. Amma a idon mai gwanjo, ranar da aka sauke wannan inji aka sayar wa 'yan gwangwan, ranar aka zubar da babban kaso na kuɗin. Abu ɗaya da ƙasarmu ta taimaka da shi shi ne rashin tsatsa, don ba ma zuba gishiri a titi kamar yadda Turawa ke yi lokacin ƙanƙara. Sai dai abin da tsatsa ta bari rana ta ci: dashbod ya tsage, robobi su bushe, wayoyi su yi ta karyewa a hannu.

Sannan kuɗin da ake bugawa a intanet ba shi ne ke shiga aljihun mai mota ba. Yawanci an haɗa da la'adar da mai saye ke biyan gidan gwanjo, wadda kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, mai sayarwa ma ana cire masa tasa. Ƙara da kuɗin kai mota tashar jirgin ruwa, kwantena, inshora, da harajin shiga can. Kuma gwanjo gwanjo ne: in mutum biyu masu kuɗi suka kafe a kan mota, farashi ya yi sama, in ɗaya bai zo ba ranar, a tashi ba a sayar ba. Motar da aka tashi ba a sayar ba, ba wanda ke yaɗa hotonta a waya.

Shawarata, kada ku ce wa dillalin albarka, kada kuma ku sallama, sai kun karanta lambar nan a gaban dukan magada. Kada a yi mata sabon fenti don ta yi kyau, kada kuma a yi gaggawar tayar da injin da ya daɗe a kwance kafin a juye tsohon mai a duba ruwa. Ku tattara takardar duwan da duk wani rasit da marigayi ya ajiye. In lambar ta nuna 034, 035 ko 036, ku ɗauki hotunan shasi, lambar inji da ƙarƙashin motar, ku aika wa sashen tsofaffin motoci na Mercedes-Benz Classic a Jamus ku nemi bayanan ƙirarta. In ta kowa da kowa ce, jira ba zai ƙara mata komai ba illa ɓeraye su cinye wayoyin, gara ku sayar a farashin Maradi a raba gado kowa ya karɓi haƙƙinsa.