Amsoshin Tambayoyinku: Wane Linux Zan Ɗora?

Tambaya: Kwamfutata tsohuwa ce, RAM ɗinta 4GB kacal, kuma ban taɓa amfani da Linux ba. Ina tsoron kada in lalata ta.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Nemi Linux Mint, wani nau'in Linux, mai fuskar allo da ake kira Xfce, ba ya da nauyi. Zuba shi a filashi mai 8GB, ki tayar da kwamfutar daga filashin, ki gwada Wi-Fi da sauti da kyamara tukuna. A wannan matakin babu abin da zai taɓa fayilolinki. Ranar ɗorawa ta gaske, kwashe hotuna da takardunki zuwa wani waje daban da kwamfutar, sannan da an gama ki kunna Timeshift, manhajar da ke ajiye kwafin tsarin kwamfutar. In sabuntawa ta kawo matsala, da shi za ki koma yadda kike jiya.

Tambaya: Tsakanin apt, dnf da pacman, wanne ne sarki?

Amsa: Malam, gardama kake nema. Duk ukun kayan ɗora manhaja ne da sabunta ta. Ba a zaɓar su kamar takalmi, kowanne da gidansa yake zuwa, wato nau'in Linux ɗinsa: apt na Debian da Ubuntu da Mint, dnf na Fedora, pacman na Arch. Tambayi kanka sau nawa kake son canji. Ubuntu LTS, wato mai dogon tallafi, duk shekara biyu yake fita, da tallafin shekara biyar. Fedora duk wata shida, tallafinsa kamar wata 13.

Tambaya: Abokina ya turo min ISO "wanda aka gyara", da wani umarni mai sudo a gaba, wai in manna kawai.

Amsa: Kada ka kuskura! ISO shi ne fayil ɗin da ake ɗora Linux da shi, kuma kyauta ba ta hana jabu. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint kansa, aka maye ISO na gaskiya da mai ɓoyayyiyar ƙofa. In shafin masu abin ya taɓa cutuwa, ina ga fayil ɗin da ya ratso wayoyi biyar? Sauke daga shafin asali, ka buga umarnin sha256sum a kan fayil ɗin, zai fito maka da lambar shaidarsa, ka gwada ta da wadda suka wallafa. Harafi ɗaya ya saɓa, goge shi.

Shi kuwa sudo, mukullin gidan gaba ɗaya ne. Duk umarnin da ya ɗauko rubutu daga intanet ya miƙa wa bash, mai zartar da umarni, kai tsaye, ka sauke rubutun ka karanta kafin komai. Haka PPA, rumbun manhaja na ɗaiɗaikun mutane a Ubuntu: kowa na iya buɗe nasa, kuma da ka ƙara shi, mai shi zai iya turo maka duk abin da ya ga dama da sunan sabuntawa. 'Yan Arch ma kada su yi dariya. A Yulin 2025 an cire wasu manhajoji daga AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke zuba nasu, waɗanda suka yi shigar gyaran Firefox, alhali ƙwayar leƙen asiri ce a ciki. Karanta PKGBUILD, rubutun da ke nuna yadda za a haɗa manhajar, kafin ka haɗa komai. Kuma ku daina buga pacman -Sy sannan ku ɗora manhaja. Rabin sabuntawa ne ke karya tsarin. A yi -Syu gaba ɗaya.

Manhajar da kake nema, duba rumbun manhajar Linux ɗinka tukuna, sai Flathub, rumbun da nau'o'in Linux daban-daban ke amfani da shi. Abokin naka kuma ka tambaye shi wa ya "gyara" ISO ɗin.