Filin Ma'anar Kalmomi: "Skittles", "Bowling" da Batun Kwano

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce: Malam, na ga kalmar "skittles" a wani littafin Turanci, wai mutane sun taru suna yin ta. Ni kuwa alewa na sani da wannan suna.

Alewar jiya-jiya ta zo, wasan ya girme ta da ɗaruruwan shekaru. Tsohon wasan mutanen Ingila ne. Ana jera katakai tara masu siffar kwalba a tsaye, ɗan wasa ya ja da baya ya mirgino ƙwallon katako domin ya kayar da su, wanda ya fi zubarwa shi ya ci. Saboda taran nan ne ake kuma ce masa "ninepins". A yammacin Ingila, irin su Somerset da Devon, har yau ana gasarsa a bayan gidajen giya. Na Landan kuwa ba sa mirgina ƙwallo, wani faifan katako mai nauyi suke jefawa, suna kiransa "cheese", wato cuku, don ya yi kama da curinsa. Jamusawa na da nasu, Kegeln.

Wanda kake gani a talabijin ɗan Amurka ne, "tenpin bowling". Katakai goma ake jerawa kamar alwatika, tsakanin layin jifa da katako na farko ƙafa 60, nauyin ƙwallon kuma ba ya wuce fam 16, yana da ramukan sa yatsu. Zagaye goma ake yi, ƙurewar maki 300. A 1895 aka kafa ƙungiyar da ta daidaita dokokinsa a New York. Jihar Connecticut ta haramta mai katakai tara a 1841 saboda caca, shi ya sa za ka ji ana cewa 'yan wasa sun ƙara na goma ne don su zille wa doka. Hikaya ce mai daɗin ji, amma kada ka rubuta ta a jarrabawa da sunan tarihi.

Wata malamar makaranta daga Gusau: Na ga an fassara "bowling" da "wasan kwano". Daidai ne?

A'a, Malama, kuma wannan ita ce irin fassarar da ke damuna. Mutum ya buɗe ƙamus, ya ɗauki ma'anar da ta fara zuwa, ya rufe. Kalmomi biyu ne rubutu ya haɗa su, asali ya raba. "Bowl" ta kwano tsohuwar kalmar Ingilishi ce, "bolla". Ta wasa kuwa aro ce daga Faransanci, "boule", wato ƙwallo, ita ma daga Latin, "bulla". Kamar mu ne da "gari": wanda ya ce garin Kano da garin masara abu ɗaya ne saboda rubutu, ai yara ma sai su gyara masa. Haka masu mai da "pin" fil ko allura, alhali katako ne da ya fi kwalbar lemo girma.

Abin da nake roƙon masu fassara, musamman matasanmu na intanet, shi ne su kalli wasan ko da na minti ɗaya kafin su raɗa masa suna. Bahaushe da aiki yake kiran wasa. Ya ce ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, kowa ya gane ba tare da sharhi ba. A kan wannan turba, "wasan mirgina ƙwallo" ya wadatar. In ana son bambanta shi da na kan ciyawa, wanda babu katakon da ake kayarwa, sai dai kowa ya yi ƙoƙarin kusantar wani ɗan ƙaramin ƙwallo, a ce "wasan kayar da kwalabe". Mai son aro kuma ya rubuta "bolin" yadda bakinmu ke faɗa, ba laifi ba ne, harshen da ya haɗiye mota da tebur ba zai shaƙe da wannan ba.

Daga Maraɗi: "Bowling" ɗin shi ne "pétanque" na Faransawa?

Dangi ne. Shi ƙwallayen ƙarfe ake jefawa a kan ƙasa, ya fi kusa da na kan ciyawa.

Wani ɗan jarida daga Kaduna: Me ake nufi da "life is not all beer and skittles"?

Ma'anarsa rayuwa ba shaƙatawa ce zalla ba. Giya da wannan wasa su ne hutun talakan Ingila bayan aiki, daga nan maganar ta fito. Don Allah kada ka kawo mana giya da katakai cikin labaranka. Ka ce "ba kullum ake kwana a gado ba", ko "duniya yau zuma, gobe maɗaci". Na farkon ya fi dacewa in ana lallashin wanda wahala ta samu, na biyun in ana jan kunnen wanda daɗi ya ruɗa.

Daga Kumasi: Ƙwallo ko tamaula?

Duka Hausa ne. Ƙwallo asalinsa na 'ya'yan itace ne, kamar ƙwallon goruba da na mangwaro, shi ya sa ya dace da wannan na katako mai tauri fiye da tamaula.