Gwajin maleriya bai nuna komai ba, amma zazzaɓin ya ƙi sauka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaronki lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce yau kwanansa uku yana zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, an yi gwajin maleriya bai nuna komai ba, likita ya ce yana zargin denge, ke kuma kina mamaki tunda kullum a gidan sauro kuke kwana, kuma kina jin tsoro kada ƙannensa su kamu. Ni ganau ce ba jiyau ba, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Sunan da muka laƙaba wa maleriya, wato zazzaɓin cizon sauro, shi ya fara ɓatar da mu. Sai muka ɗauka ita kaɗai sauro ke kawowa. Alhali akwai cututtukan bairos da yake yaɗawa, irin su denge, shawara, cikungunya da Zika, waɗanda maganin maleriya ba ya taɓa su, antibayotik ma haka. Kuma ba sauro ɗaya ba ne. Na maleriya da dare yake cizo. Mai ɗauke da waɗannan huɗun, wanda masana ke kira Aedes aegypti, baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake farauta, musamman da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana, kuma ya fi kai hari idon sawu da gwiwar hannu. Kin ga ke nan gidan sauronku bai yi laifi ba, ku ci gaba da kwana a ciki saboda maleriya. Wannan sauron dai kan riga ya yi cizonsa tun yaro na wasa.

Shekara uku da suka wuce na kwanta da denge. Zazzaɓin lokaci guda ya rufe ni, da ciwo a bayan idanu, ƙasusuwana kamar ana sara su. Na sha maganin maleriya har na gama, babu sauƙi. Saboda ciwon jikin sai na riƙa shan ibufurofen safe da yamma. A kwana na biyar zazzaɓin ya sauka, kowa a gida ya yi hamdala. A daren ne cikina ya murɗe, na yi ta amai, da safe ina goge baki na ga jini yana fita daga dasashina. Maigidana bai tsaya shawara da kowa ba ya kai ni asibiti. Gwaji ya nuna ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare sun yi ƙasa ƙwarai. Kwana huɗu na yi ana min ƙarin ruwa ana auna jinina kullum. Likitar ta yi min faɗa a kan ibufurofen ɗin, kuma tana da gaskiya, domin shi da asfirin da dikulofenak suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai denge.

Don Allah ki riƙe wannan da kyau: a denge, ranar da zazzaɓi ya sauka ita ce ranar da za ki ƙara sa ido, yawanci tsakanin kwana na 3 zuwa na 7, kuma awa 24 zuwa 48 da ke biye su ne masu nauyi. In kin ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini ta hanci ko dasashi, baƙin bayan gida, numfashi sama-sama, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ko yaron ya yi laƙwas ko ya kasa natsuwa, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Kafin nan farasitamol kaɗai, daidai da awon da likita ya faɗa, sai ruwa da yawa da ruwan gishiri da sukari, kina lura ko yana fitsari yadda ya saba. Babu maganin da ke kashe bairos ɗin kai tsaye, jiki ne ke yaƙinsa, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ki tambayi likitan gwajin jini da ake kira NS1, yana kama cutar a kwanakin farko.

Batun ƙannensa kuwa, ba a ɗaukar denge ta taɓa jiki ko tari ko cin abinci tare. Sauro ne ke cizon mara lafiya a makon farko, bairos ɗin ya yi kamar kwana 8 zuwa 12 a cikinsa, daga nan duk wanda ya ciza ya sa masa. Saboda haka yaron ya zauna cikin gidan sauro har da rana, ki kunna masa fanka in akwai. Sauran ki sa musu kaya masu dogon hannu da wando, ki shafa musu man korar sauro mai sinadarin DEET ko picaridin a inda fata ke waje, ban da ido da baki da tafin hannu, kuma ba a shafa wa jaririn da bai kai wata 2 ba. Raga a taga da ƙofa na taimakawa sosai.

Amma abin da ya fi girgiza ni bayan an sallame ni shi ne gano cewa a gidanmu muke kiwon sauron. Na ɗauka sai a kwata mai wari yake ƙwai. Ashe wannan ruwa mai tsabta yake so, wanda ya kwanta a cikin mazubi. Muka zagaya gidan da tocila: duron da murfinsa ya fashe, tsohuwar taya a bayan ɗaki, farantin ƙarƙashin tukunyar fure, tiren da ruwan firji ke ɗiga a ciki. Duk tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil. Ɗan ruwan da murfin kwalba zai riƙe ya ishe shi, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai wuce kwana 7 zuwa 10 ba. Zubar da ruwan kawai bai wadatar ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin a jikin bangon mazubin yake manna ƙwansa, kuma ƙwan na iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Sai an sa soso an dirje. Tun daga lokacin, rana ɗaya a kowane mako nake ware wa wannan: a zubar, a dirje, a kife, a rufe. Ba ya tafiya nesa da inda aka ƙyanƙyashe shi, don haka sai da na shiga gidajen maƙwabta muka yi magana, in ba haka ba nasu zai ƙetaro katanga.

Kada kuma ki saki jiki bayan ya warke. Denge iri huɗu ne, wanda ya yi ɗaya ya tsira daga wannan ɗin kaɗai, kuma kamu na biyu da wani irin ya fi haɗarin tsananta. Ki riƙa faɗa wa duk likitan da zai duba shi nan gaba cewa ya taɓa yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya na zaune a inda za su iya kamuwa.

Sauran zan taɓa su a gurguje. Cikungunya, da aka fara ganowa a Tanzaniya a 1952, takan bar mutum da ciwon gaɓɓai na watanni. Zika ba ta cika wahalar da babba ba, amma masu juna biyu su kiyaye ƙwarai: a Brazil a 2015 an haifi jarirai da yawa da ƙaramin kai sanadinta, kuma ana ɗaukarta ta saduwar aure. Shawara kuwa tana kisa, tana taɓa hanta ido ya yi rawaya, amma tana da rigakafi mai ƙarfi, allura ɗaya tun daga wata 9 ta isa har ƙarshen rayuwa. Ki duba katin rigakafin yaranki yau ki ga ko an yi musu.

Gobe in Allah ya kai mu ki sanar da mu abin da gwajin jinin ya nuna da yadda ya kwana. Muna yi masa addu'a.