Itacen ƙarfen Ingila yana kuka da iska, nawa kuma ya yi gum

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai walda ne a Garwa. Na ga wani bidiyo a Facebook na wani abu mai kama da itace, an ƙera shi da bututun ƙarfe an kafa a kan tudu a Ingila, iska na busawa yana fitar da sauti. Abokan aikina sun ce lasifika ce aka ɓoye a ciki. Na yayyanka ragowar fayif mai faɗin santimita 5, dogaye da gajeru, na haɗa su na ɗora a saman shagona, amma har yau ko uffan. Da gaske iska ce kaɗai ke yin wannan? In haka ne, za a iya yin irinsa a nan a kafa a shataletale?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka gaya wa abokan aikinka babu lasifika, babu batir. Abin da ka gani sunansa Singing Ringing Tree, yana kan tudun Crown Point da ke kallon garin Burnley a arewacin Ingila. Masu zanen gine-gine biyu, Mike Tonkin da Anna Liu, suka tsara shi, aka kafa shi a 2006, tsayinsa mita 3 ne. Ba dukkan bututun ne ke kuka ba. Wasu don riƙe jiki da ba shi siffa aka sa su, wasu ne aka yi wa yanka da huji don su yi sauti. An jera su hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan juya ya kauce wa na ƙasansa, don ko ta ina iska ta ɓullo ta tarar da waɗanda bakinsu ya yi mata daidai.

Naka ya yi shiru ne saboda faɗin baki, sai kuma wurin da ka ɗora shi.

Ka tuna yadda yaro ke hura bakin kwalbar lemo. In ya hura kai tsaye cikinta, ba abin da za ka ji sai fuu. Sai ya ɗora leɓe a gefe, iskar ta ratsa bakin a gicciye, sannan kwalba ta amsa. Abin da ke faruwa shi ne iskar da ke ratsa bakin rami ba ta wucewa sumul, lilo take yi a kan kaifin bakin, ta leƙa ciki ta fito, ta leƙa ta fito, da sauri ƙwarai. Iskar da ke zaune cikin bututun kuma tana da nata saurin kaɗawa, wanda tsawon bututun ke yanke mata. Sauti na tafiyar mita 343 a sakan ɗaya in zafi na digiri 20. Da wannan lissafi, bututu mai tsawon mita 1 da ke buɗe ta baki biyu yana kaɗawa kusan sau 170 a sakan, in ka toshe baki ɗaya ya sauko kusan 85, murya ta yi kauri. Ba za a ji komai ba sai saurin lilon da ke baki ya zo daidai da saurin kaɗawar da ke ciki.

To a nan gizo ke saƙa. Gwargwadon faɗin baki, gwargwadon jinkirin lilon. Baki mai santimita 5 a kan bututun mita 1, a ƙiyasi, yana neman iska mai gudun mita 20 a sakan, wato wajen kilomita 70 a awa. Wannan iskar hadari ce mai ɗage kwanon gida, kuma ranar da ta zo ba wanda zai tsaya sauraron fayif. Gajerun da ka yanka sun fi ma wuyar sha'ani, domin muryarsu siririya ce, iskar da suke nema ta fi haka ƙarfi. Maganin shi ne ka toshe bakunan, ka tsaga jikin bututun a tsaye, tsaga mai faɗin kamar santimita 1, ka goge gefenta da magagari har ta yi kaifi ba gwarje-gwarje. Irin wannan tsaga tana amsa iska mai gudun mita 4 zuwa 5 a sakan, iskar da ke kaɗa ganye da ƙananan rassa. Da zarar ka tsaga, lissafin da na ba ka ya zama jagora kawai, kunne ne zai ƙarasa aikin. Manoman tsibirin Bali a Indunisiya sun daɗe suna yin haka da gora: su fafe ramuka a jikin doguwar gora su kafa ta a gonar shinkafa, iska ta riƙa busa ta.

Kada ka ƙara ɓata ƙarfe a gwaji. Sayi fayif na roba, wanda wuƙa ko zarto ke yankawa cikin minti ɗaya. Da sassafe, lokacin da gari ya yi tsit ba iska, ka sa wani ya goya ka a babur a hanyar da ba motoci. Gudun kilomita 20 a awa daidai yake da iska mai mita 5 da rabi a sakan, kilomita 30 kuma ya haura mita 8. Riƙe fayif ɗin a tsaye nesa da jikin mai tuƙi, ka riƙa murza shi a hankali tsakanin tafukanka. Akwai wani ɗan wuri, in tsagar ta kauce wa iska ta koma gefe-gefe, da za ka ji ya ɗauki rawa a hannunka kafin ma kunnenka ya kama sautin. Yi masa alama da alli. In ƙarar inji ta dame ka, ku nemi gangara ku kashe babur ɗin. Wanda ya yi kuka a gudun 20 shi za ka kwaikwaya da ƙarfe, wanda sai an kai 50 ya motsa ka yar da shi.

Akwai hanya ta biyu, kuma a ganina da ita ya kamata ka fara, domin ta fi saurin biyan buƙata: waya. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin wayoyin wuta a bayan gari da hunturu ya ji suna fito. Iska in ta ci karo da siririn abu mai zagaye sai ta rabu biyu, ta riƙa sakin 'yan ƙananan guguwa a bayansa, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, bi da bi, su kuma su girgiza wayar. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Vincenc Strouhal, ya auna wannan a 1878 ta hanyar juya wayoyi cikin iska, kuma lissafin da ya fito daga aikinsa mai sauƙi ne: ka ninka gudun iska da 0.2, ka raba da kaurin waya a ma'aunin mita. Waya mai kaurin milimita 1 cikin iskar mita 5 a sakan tana ba da kaɗawa wajen 1,000 a sakan, mai milimita 2 ta ba da 500. Girgizar nan ba wasa ba ce, tana iya gajiyar da ƙarfe har ya tsinke, shi ya sa ake rataya wasu 'yan duwatsun ƙarfe biyu-biyu a kan manyan layukan wuta kusa da turaku. Turawa sun mai da abin kayan kiɗa tun tuni, wani masani Bajamushe, Athanasius Kircher, ya yi bayanin irin wannan molon iska a littafinsa na 1650. Kai abin da kake buƙata shi ne wayoyi masu kauri daban-daban, ko zaren kamun kifi na roba, a ɗaure su tamau a kan abin da zai ƙara musu murya, kamar duro marar komai a ciki ko akwatin katako. A ja su duka su zo murya ɗaya. Iska ce za ta zaɓi wadda za ta kaɗa gwargwadon ƙarfinta.

Batun shataletale kuwa, ban ba ka shawara ba. Shataletale wurin abin kallo ne. Mutum-mutumin La Nouvelle Liberté da mai fasaha Joseph-Francis Sumégné ya haɗa da tarkacen ƙarfe a shataletalen Deido a birnin Duwala na Kamaru a 1996, mai tsayin mita 12, ya dace da wurinsa domin ido ake nema da shi. Abin saurare a tsakiyar babura da odar motoci asarar wahala ce. Ga shi kuma iskar cikin gari ba ta da alƙibla, katangu da itatuwan darbejiya sun farfasa ta, kuma hakan ne ya samu saman shagonka. Ana son fili buɗaɗɗe: gaɓar Binuwai inda ba gini, ko kan tudu a bayan gari.

Ta fannin iska mun fi mutanen Ingila sa'a, domin tamu tana da ƙa'ida. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris hunturu na zuwa daga arewa maso gabas, ita ce iskar da ke kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwaso ƙurar kwarin Bodele a Chadi ta rufe mu da hazo. Da damina kuma iska ta juyo daga kudu maso yamma. Ba sai ka yi hawa-hawa masu fuskantar ko'ina ba. Ka daidaita yawancin tsagoginka da hunturu, ka bar kaɗan don damina. Amma ginshiƙi ka yi shi don hadarin gabas, shi ne mai tumɓuke abu: rami mai zurfi, kankare, sannan sandar ƙarfe da aka binne aka haɗa da jikin aikin saboda tsawa. Kada ka yi mamaki in murya ta ɗan hau sama da bazara, a digiri 40 sauti na gudun mita 355 ne, duk bututun za su hau tare.

Sai abokan gaba na gida, waɗanda ba za ka gani a bidiyo ba. Ƙura za ta taru a gindin bututun da aka toshe, ruwan sama ya kwanta a ciki ya canza murya ya haifar da sauro, zanzaro kuma ba ya ganin rami ya ƙyale, zai liƙe tsagar da laka. Ka sa marfin gindi ya zama na murɗawa don a riƙa zazzagewa, ka yi ɗan ƙaramin huji na zubar ruwa. Ka ɗaga tsagogin sama da inda hannun yara ke kaiwa, in ba haka ba su cika su da tsakuwa, kuma ƙarfen da ya sha ranar Afrilu yana ƙona tafi. Masu tsintar ƙarfe ma ka sa su a lissafi, kan kusoshin ka bi su da walda.

Mutane su ne babban lamari. Aikin bututu ba siffar mai rai ba ne, don haka ba ka da matsala ta wannan gefen. Amma ka san yadda ake ɗaukar fito da dare a wurinmu, kuma sautin nan ba waƙa ba ce mai amshi, ya fi kusa da dogon nishi mai hawa da sauka. Ka kafa shi kusa da gidaje ba tare da bayani ba, kafin mako ya zagayo an ce aljanu sun tare a unguwa. Ka fara da mai unguwa da liman kafin ofishin magajin gari, ka kai musu na roba su riƙe su ji da hannunsu, kuma ka nisanci masallaci, makaranta da asibiti. Zoben robar tayar babur da za a ja ya rufe tsaga yana isa a kashe muryar duk lokacin da ake so.

Na Burnley da bututu mai rufin zinki aka yi shi, irin farin fayif na ruwa, don kada ya yi tsatsa. In shi za ka yi aiki da shi, ka kankare rufin daga inda za ka yi walda, ka yi aikin a fili iska na bayanka. Farin hayaƙin da yake fitarwa yana jawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan awoyi, kuma madarar da ake cewa a sha ba ta kare huhu. In ka gama, ka shafe wuraren waldar da fenti mai hana tsatsa kafin ruwan farko.