Filin Tambayoyinku: Cimar Samari da Ƴanmata

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗiyata shekararta 15, tana kolej. Kullum cikin gajiya take, ga jiri, ga gyangyaɗi a aji, kwanan nan kuma na kama ta tana tauna farar ƙasa. Ba ta karyawa a gida, dala ashirin nake ba ta ta sayi abin da ta ga dama. Tuwon dare kam tana ci. Me ke damunta?
Wata uwa, unguwar Birni, Damagaram

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Alamun nan sun fi kama da ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, musamman kwaɗayin farar ƙasa. Wasu ƙanƙara suke tauna. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba ciki, ki dubi tafin hannunta. In sun yi fari fat maimakon ja, shaida ta ƙaru. Amma hukunci na gwaji ne: a kai ta asibitin unguwa a auna jininta. Ga budurwa kamarta, in awon jinin ya nuna ƙasa da 12, ƙaranci ne.

Dalilin a fili yake. Jiki na girma, al'ada kuma na rage jini duk wata, shi ya sa yarinya mai shekara 14 zuwa 18 ke bukatar ƙarfe wajen miligiram 15 a rana, saurayi sa'anta kuwa 11. Gero da wake da zogale duk suna da shi. Kofi ɗaya na dafaffen wake na ɗauke da kamar miligiram 4, sai dai kaɗan ne daga ciki hanji ke tsotsa. Na hanta, nama da kifi ya fi shiga jiki nesa ba kusa ba. Saboda haka a samar mata tsinken hanta biyu sau ɗaya a mako. In hali bai kai ba, busasshen kifi a miya ko soyayyar fara.

Sauran aikin na haɗi ne. Wake a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan kafin a ɗora, domin jiƙon na rage abin da ke ɗaure ƙarfen. Haka gasarar da ta yi tsami ta fi sabuwa. A matsa lemun tsami kan kwaɗon zogale ko shinkafa da wake bayan an sauke, kada a dafa da shi, ko a haɗa da ɗanyen tumatir ko gwaba. Shayi kuwa a jinkirta shi awa ɗaya bayan cin abinci, don yana hana ƙarfe shiga. Fura da nono abinci ne mai kyau ga ƙashi, amma kada a ɗauke shi maganin jini, nono ba shi da ƙarfen a zo a gani.

Batun dala ashirin ɗin nan: galibi a alawa da ruwan leda mai zaƙi take ƙarewa. Gara ta sha koko da ƙosai huɗu ko biyar kafin ta fita, kuɗin kuma ta sayi awara ko gyaɗa.

A asibiti ki roƙi a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, da tsargiya in tana shiga tafki, ki kuma faɗa musu in jinin al'adarta na wuce kwana 7. In an rubuta mata ƙwayar ƙarfe, bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Kada ta daina don ta ji ƙarfi, ana ci gaba kamar wata 3 bayan jini ya daidaita. A ɓoye ƙwayar daga ƙannenta ƙanana, guba ce gare su. Mai sikila kuma ba a ba shi sai likita ya ce.

TAMBAYA: Shekarata 17, ƙawayena na yi mini dariya wai na cika rama. Wata ta ba ni ƙwayar ƙiba da ake sayarwa a kasuwa, mako shida ke nan ina sha. Fuskata ta cika. In ci gaba?
Wata ɗaliba, Sabon Gari

AMSA: A'a, ƴata, amma kuma kada ki yanke ta dare ɗaya. Yawancin waɗannan ƙwayoyi deksametazon ne, wani magani mai ƙarfi na rage kumburi, wani lokaci haɗe da maganin buɗe ciki mai sa barci. Cikar fuskar da kike gani ruwa ne da kitse: fuska ta zama kamar faifai, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, nankarwa ta tsattsage fata. Bayan haka sai hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da rikicewar al'ada. Wanda ya sha makonni, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin mai aiki irin na ƙwayar, in ya daina kwatsam yana iya faɗuwa magashiyyan. Ki ɗauki kwalin ki kai wa likita a makon nan, shi zai tsara miki ragewa sannu a hankali, ya kuma auna ki ya ga ko ramar ta ciwo ce ko ta gado. Jiki na gaskiya daga abinci yake zuwa: ci sau uku, ƙari biyu a tsakani, kamar fura da nono, kunun gyaɗa, dabino ko dafaffen ƙwai.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 16 ba ya ƙoshi, da dare kuma yana fada, wato majalisar samari, suna shan shayi da lemun kwalba har tsakar dare.
Wani uba, Zango

AMSA: Malam, yawan cin ba ciwo ba ne, lokacin miƙewarsa ne, a ƙara masa wake da gyaɗa a kwano. Sugan ne abin dubawa. Gwangwani ɗaya na lemun kola na da wajen giram 35, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ba ta wuce kamar giram 50 a yini ba, wato ƙaramin cokali 12. Haɗa da shayin fada zagaye uku, ya zarce. Shayin dare kuma na kore barci, ga shi shekarunsa na bukatar awa 8 zuwa 10. Ku yi yarjejeniya da shi: shayi ya ƙare kafin isha'i, lemun kwalba sai ranar Juma'a.