Gwaji ya nuna ba a ga ƙwayar ba, zan iya ajiye maganin kanjamau?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na daɗe ina shan maganin kanjamau kuma ana min ruƙiya, yanzu gwajin jini ya fito ance ba'a ga ƙwayar ba, mai ruƙiyar yace na warke in ajiye maganin wai cigaba da sha raunin tawakkali ne. Mijina bashi da ita. Ya halatta in daina?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa Allah ya ƙara lafiya, bai halatta ki daina ba.

Kinga wannan sakamakon ba warkewa yake nufi ba, maganin ne ya danne ƙwayar har na'urar gwaji ta kasa ganinta a jini, amma tana nan ɓoye cikin wasu ƙwayoyin jiki, kina ajiyewa cikin 'yan makonni zata sake tasowa ta koma cin garkuwar jiki wato CD4 ɗin da ake auna miki, kuma shan yau a bari gobe shi ke sa ta saba da maganin ya daina yi mata aiki. Tun 2015 hukumar lafiya ta duniya tace duk wanda aka samu da ita ya fara sha nan take, kuma ba'a dainawa.

To abin da masana suka tabbatar barinsa halaka ne, shansa ya zama wajibi, Allah yace kada ku jefa kanku cikin halaka, Baƙara aya ta 195. Annabi SAW kuma cewa yayi ku nemi magani ya bayin Allah, wanda yazo da raƙuma ma ce masa yayi ɗaure ta sannan ka dogara. Wa ya fi shi tawakkali? Mai ruƙiya ya tsaya a ruƙiyarsa, fatawar jini ba fagensa bane.

Sannan ga haƙƙin maigida. Muddin ƙwayar na danne ƙasa da 200 a gwajin yawan ƙwayar a jini ba'a ɗaukarta ta saduwar aure, in kin daina kariyarsa kika cire, haka jinjiri in an samu ciki, kuma ba cuta ba cutarwa a musulunci.

Ki cigaba da addu'a da ruƙiyar da ba shirka a ciki, ki sha maganinki kan lokaci. Ko a azumi, tunda yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, kiyi magana da likitanki a maida miki ita dare.

Wallahu a'alam.