Injin wankin harabar gida: famfon za ka saya, ba fentin jikinsa ba

Tambaya: Ina da ɗan jari da na tara, ina so in fara sana'ar wanke intalok, katanga da gaban shaguna, in haɗa da wankin mota. An nuna mini ƙaramin inji na lantarki mai sauƙin kuɗi, da wani babba mai amfani da fetur wanda kuɗinsa ya fi nawa ƙarfi kaɗan. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Sana'a ce mai kyau, domin gidaje da makarantu da gidajen mai sun cika da intalok, kuma damina na wucewa gansakuka ta kama shi, tsintsiya ba ta iya fitar da ita.

Kafin komai, ka sani cewa ƙananan injinan nan an yi su ne don mai gida ya wanke motarsa ranar hutu. Ko kamfanin Kärcher na Jamus ya raba kayansa gida biyu: masu harafin K na amfanin gida, masu HD na 'yan sana'a. Idan ka ɗora wa na gida aikin safe zuwa yamma, zai yi zafi, robobinsa su saki, ka koma zaman jiran makaniki alhali mai aiki yana ta kiran wayarka.

Abin da za ka tsaya ka duba da kyau shi ne famfon, wato ɓangaren da ke tura ruwan da ƙarfi. Ka nemi mai fistin uku, wanda kansa na tagulla ne, kuma yana da wurin zuba baƙin mai da ɗan gilashin duba shi. Irin wannan ana kwance shi a canza masa roba da bawul, ya dawo aiki. Mai kan roba ko siririn alminiyam kuwa, yawanci in ya fashe sai dai a jefar. Famfunan Italiya irin su Annovi Reverberi, Interpump da Comet sun yi suna, amma jabu ya yi yawa, don haka ka tafi da makanikin da ka yarda da shi. A ɓangaren inji, Honda GX200 da masu kwaikwayonsa na China sun yawaita a ƙasar nan, kayan gyaransu ba sa wahalar samu.

Masu sayarwa suna son nuna ƙarfin feshi kawai, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira "bar". Kada wannan lamba ta ruɗe ka. Bar 150 zuwa 200 ya ishe ka wanke siminti, amma yawan ruwan da injin ke fitarwa shi ke sa ka gama da wuri. Ƙaramin inji yakan ba da kamar lita 6 a minti ɗaya, na sana'a kuwa 12 zuwa 15. Sai dai ka lissafa: lita 15 a minti lita 900 ce a awa, wato tanki mai lita 1,000 zai ƙare cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Tun wurin ciniki ka fayyace wa zai kawo ruwa, kai ko mai gida, in ba haka ba ribarka ta tafi wurin 'yan garuwa.

Shawarata, ka ɗauki na fetur. Aikinka na yawo ne, kuma ba kowane gida za ka tarar da wuta ba. Na lantarki yana jan wuta sosai lokacin tashi, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarsa. Na san fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, to ka sa kuɗinsa a cikin farashinka. Idan kuɗin bai kai ba, gara ka ƙara haƙuri ka cika da ka sayi abin da za ka sake saye.

Ka ware wani abu don doguwar tiyo, matatar ruwa da bakunan feshi. Ruwan burtsatse yana zuwa da yashi, shi ke cinye robobin famfo. Bakunan feshin kuwa kowanne da launinsa: ja yana iya ɓare fenti har ya yanka fata, kada ka kusanta shi da mota. Kore na siminti ne, fari na mota da gilashi. Kada ka tayar da inji babu ruwa, kuma kada ka bar shi yana aiki fiye da minti biyu ba ka danna bindigar feshin ba, ruwan da ke cikin famfon zafi yake yi.

Ranar saye, a haɗa shi da ruwa a gabanka, ka ga feshin bai yankewa kuma ba ya ɗiga ta ƙasa, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin garanti.